Kaffarar Tutar Sarauniya

Tutar makarantarmu a cikin gwangwanin biskit take kwana. Sai da na yi kusan wata guda ina leƙen ofishin hedimasta kafin in gano haka. Da safe mu tarar da ita a bisa sanda tana kaɗawa, in an tashi a sauke ta, ni kuwa abin da ya dame ni shi ne inda take zuwa. Tun ina ƙarama ba na iya ganin abu in ƙyale shi. Inna takan ce ko gawa aka wuce da ita sai na tambayi inda za ta.

A Fagge aka haife ni, a nan na girma, cikin shekarun ƙarshe na mulkin Turawa. Mu Barebari ne, amma duk gidan ba wanda ya taɓa ganin Barno sai Kaka, mahaifin Babana. Baba yana sarin yadi a Kantin Kwari, lokacin kantunan Kwara, baƙin 'yan kasuwa farar fata, ne a jere, ya bi kasuwannin ƙauye da shi, sai ya yi mako ba mu gan shi ba. Kaka kuwa ya ajiye fatauci, ya tare a zaure yana tufkar igiya yana sa ido a kan duk mai shiga da mai fita. Ni ce amaryarsa, shi ne tsohon mijin da na rasa yadda zan yi da shi. Haka muke tsokanar juna tun da na iya magana.

Shi ya kai ni makarantar boko da hannunsa, a zamanin da unguwa ke ganin kai 'ya mace boko kamar zubar da ita ne. Ba don yana son Turawa ba. Wata wasiƙa aka aiko masa, ya kai wa wani akawu, akawun ya karanta ta da ƙarfi a gaban mutane, alhali maganar cikin gida ce. Ya dawo ransa a ɓace ya ce sai an sami mai karanta masa takarda a cikin zaurensa. Yayyena maza sun riga sun bi Baba kasuwa, sai abin ya faɗo kaina.

Makarantar tana bakin Fagge ta wajen Sabon Gari, kuma a cikin malamanmu mace ɗaya ce tak. 'Yar Ibo ce, Kirista, tana zuwa daga Sabon Gari a kan keke, siket ɗinta ba ya taɓa yamutsewa. Malama kawai muke ce mata. Tana jin Hausa sarai, har da zagin da muke yi ƙasa-ƙasa muna zaton ba ta ji. Ran Laraba da la'asar takan tara mu 'yan mata, ta sa mana shuɗiyar riga, ta koya mana ƙullin igiya iri-iri da ɗaurin rauni da kunna wuta da ashana ɗaya. Wannan na ƙarshen dariya yake ba mu, don dukanmu tun muna shekara shida muke hura murhu.

Ita ke ninke tutar, wata rana ta sa ni in taya ta. 'Yar mai yadi ce ni, sai na juya ta ina duba ɗinkin. Ba rini ba ne, ƙyallaye ne aka yanka aka harhaɗa, ja da fari da shuɗi. Malama ta ce tutoci uku ne na ƙasashe uku aka ɗora wata kan wata, da ƙasashen suka koma ƙarƙashin sarki ɗaya. Ta kuma nuna mini cewa tutar tana da sama da ƙasa, in aka kifa ta to alama ce masu ita suna cikin wahala suna neman agaji. Daga ranar kullum da safe sai na duba, ina fatan mai gadi zai kifa ta in ga wanda zai zo agajin. Bai taɓa kifawa ba.

Wadda duk ta ƙware a ayyukan Laraba, sai a sa mata rana ta tsaya a gaban tuta, ta ɗaga yatsu uku, ta faɗi wasu kalmomi da Turanci. Mu rantsuwa muke ce wa abin. Ma'anarta, yadda Malama ta fassara mana, ita ce yarinya za ta yi iyakar ƙoƙarinta ta sauke haƙƙin Allah da na Sarauniya, ta taimaki mutane ko da yaushe, ta bi dokar ƙungiyarmu ta Laraba. Na yi tawa ina 'yar shekara tara. Sauran yara suka karɓi baje na maƙalawa a riga suka tafi gida, ni na tsaya na tambayi Malama wa ya fara wannan abu.

Ta ce asalinsa na sojoji ne. A ƙasar Turawa soja ba ya ɗaukar bindiga sai ya rantse wa sarki, kuma kowace runduna da tutarta, don in ƙura ta tashi a fagen yaƙi kowa ya san inda nasa suke. Wani tsohon soja ne ya sassauta abin ya mai da shi na yara maza, 'yan mata suka ce su ma ba za a bar su a baya ba, jirgin ruwa ya kawo shi Ikko, jirgin ƙasa ya kawo shi Kano. Ita ma ta yi tata tana yarinya a garinsu, a gaban irin wannan tutar, sai dai lokacin mahaifin Sarauniya ne a kan gado. Na tambaye ta ko ana aika wa Sarauniya sunayen waɗanda suka rantse. Ta ce in je in wanke hannuna.

A gida na ba da labari sama-sama, kowa ya ɗauke shi wasan yara. Kaka ya ce in dai ƙullin igiya ne, shi ma ya isa a ba shi baje.

Shekara biyu bayan haka, ana saura shekara guda Turawa su tafi, Malama ta shigo aji ta gaya mana cewa an zaɓi sabuwar tuta. Wadda muka sani za a sauke ta, ta bi masu ita gida, mu kuma nan gaba a gaban tamu za mu tsaya. Na rugo gida da labarin, na tarar da Kaka a zaure da igiya tsakanin yatsun ƙafarsa, na zazzage masa duka ko numfashi ban yi ba. Ina jiran ya tsokane ni, sai na ga ya ajiye igiyar.

"Amarya, wannan da za ta tafi, ba ita ce kika ce kin ɗaga wa hannu ba?"

Na ce ita ce.

"An ambaci sunan Allah a ciki?"

Na ce an ambata, shi ne ma a farko.

"To ke ina za ki? Bin ta za ki yi?"

Na tuntsire da dariya, ina hango kaina a jirgin ruwa da gwangwanin biskit a ka. Shi bai yi dariya ba. Ya ce in zauna. Ranar ce ya ba ni labarin da ko Baba bai taɓa ji daga bakinsa ba, sai a bakin dangi.

Mahaifin Kaka mai riƙon tuta ne a can gabas, a yaƙin da ya tarwatsa garinsu. Kaka yana yaro ya ga ranar da aka ba shi ita. Shugabansu ne ya miƙa masa da hannunsa, ya kira sunansa da na ubansa, shi kuma ya dafa Alƙur'ani ya rantse ba zai rabu da ita ba. Tutar tana da rubutu a jikinta, da layu ɗinke a bakinta. Ranar da abin ya ɓaci kowa ya juya, mutumin ya kwance rawaninsa ya ɗaure sandar tutar a jikinsa, don kada ƙafarsa ta ci amanarsa. Waɗanda suka tsira su suka kawo labarin. Uwar Kaka ta kama hannunsa suka yi ta tafiya yamma har Kano.

Ni da bakina da ba ya shiru, na tambaye shi launin tutar. Ya yi tunani mai tsawo ya ce ya manta, abin da yake iya tunawa ƙura ta mai da ita kalar ƙasa. Sannan ya ce shi abin da ya sani game da tuta ke nan: wanda ya rantse mata, inda ta je nan za shi, in kuwa ya bar ta ta tafi ita kaɗai, ya karya rantsuwa. Ba zai yarda jikarsa ta je ta tsaya a gaban wata tutar da ta farko a wuyanta ba. Sai an warware wannan magana zan koma makaranta.

Saura mako uku a yi jarrabawar shiga babbar firamare. Wadda ba ta zauna ba, karatunta ya ƙare ke nan, kuma na san akwai mata a unguwa da za su ji daɗin hakan. Na yi kuka, na yi fushi, na daina ce masa mijina. In na kai masa fura sai in dangwarar da ƙwaryar har ta fantsalo. Baba ya dawo daga ƙauye ya ji, ya sosa ƙeya ya shige ciki, don shi ba ya musu da mahaifinsa. Inna ta ce ni na jawo wa kaina da surutu.

Kaka ya je wurin limamin unguwa. Liman ya saurare shi, ya ce masa yarinyar da ba ta balaga ba babu rantsuwa a kanta balle kaffara, ya bar ta ta koma karatunta. Da wani ne da maganar ta ƙare a nan. Kaka ya gode masa, ya dawo ya ce Liman ya faɗi abin da ke cikin littafi, kuma gaskiya ne, amma in babu komai a kan yarinya to akwai a kan wanda ya kama hannunta ya kai ta. Ya ce shi dai yana so ya ji daga bakin wadda ta karɓi rantsuwar, ko tana da ikon sauke ta. A lokacin na ɗauka taurin kai ne kawai. Yanzu ina ganin har da son sani, don irin halina a wurinsa na gado shi.

Ran Asabar da hantsi ya sa babbar rigarsa ya ce in wuce gaba in nuna masa hanya. Rabonsa da Sabon Gari shekara shida, tun rikicin da aka yi tsakaninsu da mutanen Fagge. Muka bi ta wajen kantin Bata, muka shiga titunan nan miƙaƙƙu masu lamba a kowace ƙofa. Ko'ina ƙamshin manja, garmaho yana tashi daga wani shago, mata suna auna garin rogo. Kaka yana tafe yana kallo kamar baƙon da ya sauka daga jirgi, har ya tsaya ya duba yadda wani kafinta ke haɗa kujera ba ƙusa. Ni kuwa duk kunya ta ishe ni, ina addu'a kada wata 'yar ajinmu ta gan mu.

Malama ɗaki biyu take da su a wani gidan haya mai mutane da yawa. Da ta gan mu ta durƙusa ta ce, "Sannu da zuwa, Baba." Mijinta ma'aikacin reluwe ne, ya fito da goro a faranti, irin nasu mai ɓari huɗu, ya yi addu'a da yarensu ya fasa ya miƙa wa Kaka. Wannan ya yi wa Kaka daɗi ƙwarai. Ya ce bai san akwai mutanen da ke girmama goro fiye da mu ba.

Aka gaisa, aka tambayi gida, sannan ya shiga maganar da ta kawo shi. Bai ɗaga murya ba, tambaya yake yi ɗaya bayan ɗaya kamar mai tayin haja. Ita ce ta karɓi rantsuwar? Ta ce a gabanta aka yi. To za ta iya sauke wa yarinyar? Malama ta ce ba ta da wannan iko, ita ma a ciki take. Wa ke da ikon? Ta ce in da akwai, to Sarauniya ce, kuma ai da yardarta za a sauke tutar. Kaka ya ce ya ji wannan, amma ta aiko cewa ta yafe wa yaran da suka rantse mata?

Malama ta dube ni. Ina jin ta tuna ranar da ta ce in je in wanke hannu. Da ta so da ta ce an aiko, maganar ta mutu, in koma makaranta ran Litinin. Na yi ta roƙonta da ido.

Ta ce, "Ba ta aiko ba, Baba. Ba ta san da su ba."

Kaka ya ce, "Mutum ya karɓi rantsuwar 'ya'yan mutane, bai san sunansu ba?"

Ba fushi ne a fuskarsa ba, mamaki ne. Ya yi ta juya ɓarin goron a hannunsa. Ni kuwa haushin Malama ya kama ni, na ce a raina wannan mata ta gama da ni.

Sai idonsa ya kai kan keken ɗinkinta. Akwai wani ƙyalle a kai, kore biyu da fari a tsakiya. Ta ce sabuwar tutar ce take ɗinka ƙarama don ta nuna wa yara, a Kantin Kwari ta yanko yadin. Ya ce a miƙo masa. Ya murza koren tsakanin yatsunsa ya ce wannan zai zuba, ta jiƙa shi da gishiri kafin ta wanke. Ya juya ta gaba da baya yana neman rubutu bai gani ba. Malama ta ce koren noma ne, farin zaman lafiya. Ya tambayi wanda ya ba da ita, ta ce ba wanda ya bayar, gasa aka yi, wani ɗalibi ne ya zana ta aka zaɓi tasa. Kaka ya girgiza kai, bai taɓa jin tutar da ɗalibi ya zana ba.

"To wa zai riƙe ta? Wadda ta rantse mata, wa ta rantse wa?"

Malama ta dubi ƙyallen da ke hannunsa. Ina jin ita kanta ba ta taɓa tambayar kanta haka ba. A tsakar gida wata mata tana daka, yara suna faɗa a kan famfo.

Ta ce, "Ba mutum ɗaya ba ne, Baba. Mu ne. Duk wanda ke cikin ƙasar."

Ya nuna ni da haɓa. "Har da ke da ita?"

"Har da ni da ita."

Ya ninke ƙyallen da kyau ya mayar mata, ya yi godiya, muka taso. Muka kamo hanyar gida, muka wuce Bata. Sai da muka shiga Fagge ya ce tun da babu mai saukewa, kuma ba zai sa ni a jirgin ruwa ba, to an karya ke nan, kuma karyayyar rantsuwa an san maganinta. Zai ciyar da miskinai goma ran Juma'a.

Inna ta yi mita, ta ce duk garin nan yara nawa suka ɗaga wa tutar nan hannu, sai gidanmu ne za a ɗora tukunya. Amma ta ɗora. Burabusko aka yi da miyar yakuwa, abincin da Kaka yake cewa shi ne abinci, sauran duk riƙon ciki ne. Ni ya sa in surfa geron da hannuna, ya ce mai rantsuwa ba ta zama tana kallo. Shi da kansa ya fita ya zaɓo mutanen: makafi huɗu da ke zama a bakin masallaci, wasu tsofaffin 'yan dako da ƙarfi ya ƙare musu, da wata tsohuwa da ba ta da kowa.

Ana cikin girki sai ga ƙarar keke a ƙofar gida. Malama ce, labari ya kai mata, ta taso daga makaranta, da shinkafa ɗaure a ɗankwali. Ba ta taɓa zuwa gidanmu ba, mata suka yi ta leƙe ta katanga. Ta durƙusa a zaure ta ajiye ƙunshin a gaban Kaka. Ya ce mata wannan abu na addininmu ne, ba a ɗora mata ba.

Ta ce, "Na sani, Baba. Amma ni na ɗaga mata hannun."

Ya dube ta, ya dubi shinkafar, ya ƙwala wa Inna kira ya ce a ɗora tukunya ta biyu. Malama ta shiga cikin gida ta tuɓe takalmi ta zauna tsintar tsakuwa tare da Inna. Na tsaya ina kallon siket ɗin nan da ba ya yamutsewa a kan tabarmarmu, haushin da nake ji nata ya bi iska.

Bayan an sauko daga masallaci baƙin suka zauna a zaure, ni na jera musu kwanuka. Ɗaya daga cikin makafin, mai baki ne, ya ci ya ƙoshi ya tambayi wace rantsuwa ce aka karya haka da har da shinkafa. Kaka ya ce ta Sarauniyar Ingila ce. Makahon ya ajiye loma ya yi dariya har da tari, ya ce Allah ya sa a riƙa karya mata ɗaya duk Juma'a. Har Kaka sai da ya murmusa.

Da la'asar, bayan kowa ya watse, ya kira ni. Ya ce ran Litinin in ɗauki jakata in koma. Na yi tsalle zan ruga in gaya wa Inna, ya riƙe mini hannu.

"Tsaya, amarya. Ta farko kin rantse wa wadda ba ta san ki ba, kwano goma ya wanke ta. Wannan ta biyun ki duba da kyau kafin ki ɗaga hannu. In abin da matar nan ta faɗa gaskiya ne, ba ƙyalle za ki rantse wa ba, ita za ki rantse wa. Ita kuwa ta san sunanki, ta san ƙofar gidanku. Irin wannan ba na jin abinci yana wanke ta."

Na ce to, na ji. Gaskiya ban ji ba, hankalina yana kan jarrabawa. Na zauna jarrabawar na kuma ci ta. Kaka bai ga ranar da aka ɗaga sabuwar tutar ba, ya rasu da daminar da ta biyo baya. Na ɗaga yatsuna uku a gabanta, Malama tana tsaye a gefena, kafaɗarta tana gogar tawa. Koren tutar da ta ɗinka bai zuba ba, ta bi shawarar Kaka.

Kalmomin da yara ke rerawa a makarantu yanzu ba su ne namu ba, daga baya can aka tsara su. Ni ma na zama malama, na koya wa yara su shekara da shekaru, kuma a kowane aji sai an sami mai irin bakina da za ta tambaye ni wa muke yi wa alkawarin. Nakan ba ta amsar Malama. Abin da ba na gaya musu shi ne abin da ya faru bayan shekara bakwai da wannan Juma'ar.

Lokacin na fara koyarwa, ina zaune a unguwar Kwaciri. Gari ya rikice, ana far wa 'yan Ibo, mutanen Sabon Gari suka cika tashar jirgin ƙasa da abin da suka iya ɗauka. Na san titin Malama, na san lambar gidan, tafiyar ba ta kai ta rabin sa'a ba. A Fagge akwai waɗanda suka ɓoye maƙwabtansu a ɗakunan matansu, na san wasunsu. Ni na sa sakata na zauna. Tsoro nake ji, ba ni da wani dalili ban da shi. Na yi ta ce wa kaina gobe, har kwana uku.

Da na je, ƙofar a buɗe take, babu keken ɗinki, babu kowa a gidan da zan tambaya. Na je tasha, na je makaranta, daga baya na rubuta wasiƙu zuwa garin da ta taɓa ce mana nasu ne. Har yau ban san ko ta isa ba.

Juma'ar da ta biyo baya na surfa gero da hannuna, na yi burabusko da miyar yakuwa, na dafa shinkafa a tukunya ta biyu. Na je bakin masallaci na kirawo mutum goma. Suka ci, suka yi addu'a, ɗaya ya tambaye ni wace rantsuwa ce. Sai na ce ya ƙara miya. Da suka tafi na wanke kwanukan na kife su, na zauna a tsakar gida ina jira in ji abin ya sauka daga wuyana. Kaka ya riga ya gaya mini, bai sauka ba.